Faranti na Biyar a Krakow

A gidanmu na Dingaya, a akushi ɗaya maza muke cin tuwo. Da an idar da sallar magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, Inna ta miƙo akushin, mu kewaye shi mu biyar: Baba, Yaya, ni da ƙannena biyu. Wurina a hagun Baba yake, gwiwata tana taɓa tasa. Dokar cin guda ɗaya ce, kowa ya ci gabansa. In hannunka ya yi tsallake zuwa gaban wani, Baba ba zai ce maka uffan ba, sai dai ka ji ɗalli a bayan hannu.

Da can mu shida ne, har da Baffa, ƙanen Baba. Ranar da ya kora shanunsa ya yi kudu, da yamma muka zauna, kowa ya ɗan matsa, wurinsa ya ɓace kamar bai taɓa zama a nan ba. Ba zan yi ƙarya ba, murna ma na yi, don lomata ta ƙaru. Ina yaro a lokacin, ban san abin zai jira ni ya dame ni a wata ƙasa ba.

A Birnin Kudu na yi sakandare. Shekarar da na gama ita ce shekarar da fari ya shigar mana garke, kuma a daidai lokacin ne kuɗin mai ya fara zubo wa gwamnati, ana ta kwasar matasa ana turawa karatu ƙasashen waje. Sunana ya fito. Aka ce Poland, karatun likitan dabbobi, shekara shida har da ta koyon harshe. Ni a wautata na ɗauka Baba zai fi kowa farin ciki, tun da ba abin da yake so a duniya kamar shanu. Ashe ya riga ya je kasuwar Gwaram ya tambayi wani direba labarin ƙasar. Direban nan ko Kaduna bai taɓa wucewa ba, amma ya tabbatar masa cewa mutanen can ba su san sallah ba, kuma wanda duk ya je ba ya dawowa da addininsa.

Na same shi a garke yana ƙoƙarin tayar da wata saniya da ta kwanta.

"Shanun da za ka yi wa magani ga su nan suna faɗuwa yau," in ji shi. "Ko za su jira ka shekara shida?"

Na ce, "Baba, in na dawo..."

"Ban hana ka ba. Ban kuma ce ka je ba."

Iyakar maganar ke nan. Ina da taurin kai, kuma a wurinsa na gada, saboda haka na tafi. Da asubar da zan kama hanyar Kano, ya riga ya fita da ragowar shanun. Inna ce ta ƙulle mini garin kuka da daddawa a tsumma, Yaya ya ɗaukar mini akwati har bakin titi. Ban sami albarkar Baba ba, ban kuma nemi gafararsa ba.

Duk wata nakan rubuta wasiƙa. Amsa takan zo bayan wata biyu, da rubutun wani malamin firamare da Yaya yake kai wa. Kullum iri ɗaya ce: Inna tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka, an yi ruwa ko ba a yi ba, saniya wance ta haihu. Sai in bi layukan da yatsa ina neman inda aka ce Baba ya ce kaza. Ko sau ɗaya ban gani ba. Nakan ce wa kaina ban damu ba, sa'an nan in sake karanta wasiƙar daga farko.

A hunturuna na biyu aka rufe makaranta don hutun Kirsimeti. Ɗakin kwanan ɗalibai ya yi tsit, kowa ya tafi gida. Abokin ɗakina, wani dogon saurayi ɗan ƙasar mai yawan dariya, ya ga ina ninke da wasiƙa a bakin gado, ya ce in tashi in haɗa kaya.

"Mahaifiyata ta ce in na bar ka kai kaɗai, kada in shigo mata gida."

Garinsu shi ne Krakow, tsohon birnin sarakunansu. Wasu ɗalibai Larabawa sun riga sun gaya mini cewa Babbar Sallah ta wannan shekarar za ta faɗo daidai da jajiberin Kirsimetin, ko kwana ɗaya tsakani. Ban gaya wa abokina ba. Na sa farar rigata ta shadda a ƙasan jaka, ban san abin da zan yi da ita a wannan sanyi ba.

Jirgin ƙasa ya sauke mu da hantsi, in dai za a kira wannan abu hantsi. Rana a can lokacin hunturu ba ta da kunya, sai ta leƙo can ƙasa-ƙasa kamar wadda aka tilasta, kafin la'asar ta gudu. Dusar ƙanƙara ta rufe rufin gidaje, iska tana warin hayaƙin kwal. Muka bi ta wata tsohuwar ƙofar gari ta jan bulo, muka miƙe wani lungu, sai ga mu a dandalin tsakiyar birnin. Ban taɓa ganin fili mai faɗi haka a tsakiyar gidaje ba. A cikinsa akwai doguwar kasuwar tufafi ta zamanin da, tantabaru ko'ina suna bin ƙafar mutane, tsofaffin mata a naɗe cikin mayafai suna sayar da wani burodi mai kama da awarwaro. Maza suna wucewa ɗauke da koren itace a kafaɗa, wai za su kafa shi a ɗaki su yi masa ado. Na ce wa abokina a garinmu wanda ya shigo da itace ɗanye cikin ɗaki, gidan mai magani za a kai shi. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Na ga dogon layi a ƙofar wani kanti, mutane suna ta bubbuga ƙafa don sanyi. Na tambaya me ake rabawa, aka ce lemun zaƙi ne ya iso. Lemun da ake tallansa a faranti a tashar Birnin Kudu, har a yi maka gyara. Mu ma muka shiga layin, don mahaifiyarsa ta yi masa kashedi kada ya ga lemu ya wuce. Muka tsira da guda huɗu, ya rungume su a cikin kwat kamar ƙwai.

Muna cikin layin ne na ji busa daga sama. Akwai wani coci a gefen dandalin mai hasumiya biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Daga wata 'yar taga a can ƙololuwa wani yake busa begila, a hankali, da wata murya mai sa jiki ya yi sanyi. Ina cikin saurare sai busar ta katse a tsakiya, ɗif. Na ce numfashinsa ne ya ƙare? Abokina ya ce a'a, haka ake yi duk awa. Wai a zamanin da, mai gadin gari ne yake busa don gargaɗin mahara, kibiya ta same shi a maƙogwaro kafin ya ƙarasa, shi ya sa har yau ake tsayawa inda ya tsaya. Busar nan ta tsaya mini a rai. Kwana huɗu na yi a garin, kuma duk lokacin da na ji an fara sai in tsaya cak, ina fatan wannan karon za a ƙarasa. Na san ba za a ƙarasa ba, amma sai na tsaya.

Ya zaga da ni ko'ina. Muka hau tudun da fadar sarakunansu take, muka leƙa kogi, gefensa ya daskare. Ya nuna mini ƙananan gine-ginen da mutanen garin suke yi da kwali da takardar alawa mai ƙyalli, masu hasumiyoyi, wasu sun fi ni tsawo. Duk abin da ya nuna sai ya faɗi shekarunsa, ɗari kaza, ɗari kaza. Abin ya fara ba ni haushi, na ce masa a duwatsun Birnin Kudu akwai zanen shanu da ba wanda ya san shekarunsa, mu kuma ba ma damun baƙi da lissafi. Ina faɗa sai na ga duwatsun a idona, da rana ta gasa su, da inuwar da muke zama ranar Lahadi muna cin gyaɗa. Muka sauko daga tudun.

Gidansu a bene na uku yake, ɗaki biyu da kicin. Mahaifiyarsa gajeriyar mace ce mai kaurin hannu, ta yi shekaru tana aiki a gidan ɗinki. Akwai ƙanwarsa, budurwa mai karatun jinya. Na nemi wurin alwala aka nuna mini banɗaki. Ina shiga na ga wani ƙaton kifi da ransa yana iyo a bahon wanka, yana kallona. Na fito da sauri na ce akwai mai wanka a ciki. Ashe kifin biki ne, haka suke ajiye shi kwana biyu kafin a yanka, duk gidan ba mai wanka sai an gama da shi. A kicin na yi alwala, na ƙiyasta alƙibla da inda ranar nan mai ƙiwa ta leƙo, na yi sallah a kan bargo.

Ranar jajiberin, tun da safe ba wanda ya ci abin kirki. Ni kuwa zuciyata tana Dingaya. Na san a daidai wannan lokaci an sauko daga idi, Baba ya kwantar da rago, Yaya ya riƙe ƙafafu. Riƙe ƙaho aikina ne tun ina ɗan shekara goma, na yi ta tunanin wa aka ba. Na shiga ɗaki na sa farar rigata a kan suwaita biyu. Da na fito uwar ta dafa ƙirji, ta shafa aikin wuyan rigar da yatsa, ta juya ta duba ɗinkin ta ciki, irin na wadda ta san sana'a. Na gaya musu yau mu ma sallarmu ce. Ta yi wa ɗanta faɗa sosai don bai gaya mata ba, shi kuwa bawan Allah bai ma sani ba.

Kafin su shimfiɗa farin ƙyalle a tebur sai da suka baza busasshiyar ciyawa a ƙarƙashi, wai don tunawa da cewa a wurin dabbobi aka haifi Annabi Isa, a faɗarsu. Na zari ɗan tsinke na sansana. Ciyawa ce mai kyau, an yanke ta kafin ta tsufa, har da sauran kore a jikinta. Da muna da dami hamsin irinta a shekarar fari, da saniyar nan da Baba yake tayarwa ta tashi.

Ba a cin abincin sai tauraro na farko ya fito, kuma a can tun ƙarfe huɗu na yamma yake fitowa. Ƙanwar ta tsaya a taga ta ce ta gani, ko da yake ni hayaƙi kawai na gani. Abokina ya riga ya kwantar mini da hankali cewa a wannan cin ba a sa nama ko kaɗan, kifi ne da ganye da abin fulawa. Muka zauna. Mu huɗu ne, amma faranti biyar aka jera, kowanne da cokalinsa da kujerarsa. Na biyar ɗin yana can kan tebur, wurin da ya fi kowanne daraja.

Aka zuba wata jar miya mai tsami, kowa ya ɗauki cokali. Ni na naɗe hannu. A gidanmu ba a sa hannu a akushi sai Baba ya zauna ya yi bisimilla, ko da tuwon zai sandare. Na ga an ajiye wa babba wuri, bai iso ba, kuma yaran gida sun hau ci. A raina har na fara cewa lallai direban Gwaram yana da 'yar gaskiya. Uwar ta dube ni ta dubi miyar, ta tambayi ɗanta ko akwai abin da addinina ya hana a ciki.

Na ce da guntun harshensu da na iya, "A'a, Mama. Maigida nake jira."

Suka dubi juna. Abokina ya ajiye cokali.

"Babanmu ya rasu tun ina firamare," in ji shi. "Wannan farantin ba na kowa ba ne. Al'ada ce, duk gida ana ajiye ɗaya a wannan rana, ko wani baƙo zai ƙwanƙwasa ƙofa."

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata. Don in gyara sai na ce, to ai ga baƙon ya zo, ni ne, sai a ɗauke ɗaya. Uwar ta girgiza kai.

"Kai gayyatarka aka yi, na gida ne kai," ta ce. Ta gyara zaman cokalin da ke gefen farantin, ko da yake daidai yake. "Ana cewa na baƙo ne. Ni dai na babban ɗana nake ajiyewa."

Ban san abokina yana da wa ba, bai taɓa faɗa ba. Ashe ma'aikacin jirgin ruwa ne, ya sauka a wata ƙasa shekara bakwai da suka wuce bai koma jirgin ba, kuma in ya dawo kama shi za a yi. Yana raye, yakan aiko da wasiƙa jefi-jefi. Ta san ba zai ƙwanƙwasa ƙofar nan ba, amma duk shekara sai ta wanke farantin ta ajiye.

Na ci miyar, na ci kifin da muka yi kallon-kallo da shi, na ci wasu abubuwa da yawa da ban san sunansu ba. Amma idona yana kan farantin nan. Kishin mutumin nan na ji, mutumin da ban taɓa gani ba. Shi ya gudu ya bar uwarsa, ga wurinsa nan a share. Mu kuwa ba mu da faranti, akushi ɗaya ne, in ka tashi sai a matsa. Na tuna yadda muka rufe wurin Baffa tun kafin ƙurar shanunsa ta kwanta, har ina murna. Na tabbata yanzu ƙanena ne a hagun Baba, gwiwarsa tana taɓa tasa, yana jin daɗin lomarsa ta ƙaru. Kewar gida ta taso mini, na ajiye cokali, na ce musu ƙaya ce ta kifi.

Washegari gari ya yi tsit, kowa yana coci ko yana gida. Na zauna a kicin na rubuta wasiƙa, wannan karon ba ga Yaya ba, ga Baba kai tsaye. Na ba shi labarin garin, da kifin baho, da ciyawa. Na gaya masa ban bar sallah ba ko sau ɗaya. Na ba shi labarin faranti na biyar, yadda mutanen nan suke ajiye wa wanda ba ya nan wuri a ranar bikinsu. Ban ce ina jin haushi ba, amma duk mai hankali zai gane. A ƙarshe na ce ya yafe mini. Na sa ɗan tsinken ciyawar a ambulan, na kai gidan waya da ke kusa da dandalin. Ina fitowa aka fara busa, na tsaya har ta katse.

Amsa ta zo bayan wata biyu. Inna tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka, an ga saƙo. Daga nan na daina bin layuka da yatsa.

Ina shekara ta huɗu Baba ya rasu. Wasiƙar ta iso ni bayan an yi arba'in. Ban sami zuwa gida ba sai da na gama, na dawo da takardar likitan dabbobi da akwati biyu. Motar Gwaram ta sauke ni da la'asar, na tarar da Inna ta tsufa, ƙannena sun yi gemu. Aka yi koke-koke, aka yi addu'a. Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, aka kawo akushin nan dai, an ɗaure tsagewarsa da waya.

Na tsaya ina jiran in ga inda za a matsa mini. Ba wanda ya matsa. Sun zauna su uku, kuma akwai fili a buɗe daidai inda nake zama da. Na zauna. Na ce wa Yaya ashe an tuna wurina.

"Tuna wa?" in ji shi. "Ai ba a taɓa zama a nan ba. Ranar da ka tafi, wannan ya matso," ya nuna ƙanena da haɓa, "Baba ya ɗalle shi. Ya sa yatsa ya ja layi a tuwon, ya ce nan gaban wane ne. Kullum haka. Mu cinye namu, naka yana tsaye. In an gama a kai wa duk baƙon da ya sauka a masallaci, in babu Inna ta yi ɗumame."

"Har a shekarar yunwa?"

"Har a shekarar yunwa. Mun ƙi jininka a shekarar nan, ba kaɗan ba."

Na ce me ya sa ba a taɓa rubuta mini ba. Ya ce Baba ne ya hana, ya ce duk wanda ya faɗa bai yafe ba. Na tambaye shi wasiƙata ta Krakow fa, an karanta masa?

"Sau biyu malam ya karanta masa. Ya sansana ciyawar ya ce mai kyau ce. Da aka zo wurin farantin sai ya ce a maimaita. Aka maimaita. Sai ya ce, 'Su sau ɗaya a shekara suke yi?' Shi ke nan abin da ya ce."

Na sunkuyar da kai. Tuwon yana ta tururi a gabana, da man shanu a kan miyar kuka, abin da na yi shekara shida ina mafarki, na kasa ɗaga hannu. Na duba damana, inda gwiwar Baba take taɓa tawa. Ƙaramin ƙanena ne a wurin. Na kai yatsa zan ja layi a tuwon, daidai gaban Baba, Yaya ya riƙe mini hannu a hankali.

"Shi addu'a za ka yi masa," ya ce. "Kai mun san za ka dawo ne. Ci gabanka, yana hucewa."

Na yi bisimilla na ci.